Madalla da Idon da Bai Ga Gwaggon Biri Ba

Ranku ya daɗe, manyan ƙidaya. Sannunku da aiki, sannunku da hanya. Ku ne kuke tasowa daga Yamai, wasunku ma daga Rum da Paris da Washinton, cikin farar mota mai sanyi, ku bi kwalta har Ƙonni, ku wuce Galmi da albasarta, ku sauka Madawa, ku haura Buza, ku ratsa duwatsun Adar har Keita, littafi a hammata, alƙalami a aljihu. Kun ƙirga mana damman hatsi, kun ƙirga rijiyoyi, kun ƙirga dashen itace ɗaya bayan ɗaya, kun auna ruwan da ya sauka daga sama har ɗigonsa na ƙarshe. Amma talaka bai iya godiya ba. Ana ta yi da ku a rumfunan kasuwa da gindin bishiya bayan la'asar, wai kuna da ido amma ba kwa gani. To, yau na zo in wanke ku, kuma da hujja na zo, domin masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da tsaya muku.

A 1999, a Jami'ar Harvard ta Amurka, wasu masana biyu, Daniel Simons da Christopher Chabris, suka haɗa wani ɗan gajeren fim. Matasa shida ne a ciki, uku da fararen riguna, uku da baƙaƙe, suna jefa wa juna ƙwallon kwando. Sai a zaunar da mutum a ce masa: ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa wa juna ƙwallo. Ana tsakiyar wasa sai wata mata sanye da rigar gwaggon biri, baƙa ƙirin tun daga kai har ƙafa, ta shigo tsakiyar fili, ta tsaya, ta fuskanci mai kallo, ta bubbuga ƙirji, ta fice. Daƙiƙa 9 ta yi a gaban idonsa. Da aka gama aka tambayi masu kallo ko sun ga wani abu daban, kusan rabinsu suka ce ba su ga komai ba. Tun shekarun 1970 Ulric Neisser ya gwada irin wannan da wata mata mai riƙe da laima, kuma a 1998 Arien Mack da Irvin Rock suka fitar da littafi guda a kan wannan makanta ta shagala, wadda ke kama mai lafiyar ido da rana tsaka.

Bayanin masanan bai da wuya, kakanninmu ma sun riga su faɗa: hankali ke gani, ido gululu ne. Ido yana ɗaukar duk abin da ke gabansa, amma hankali ƙofarsa ƙarama ce, abin da aka aike shi nema kaɗai yake bari ya shiga. Wanda aka ce ya bi fararen riguna, ƙwaƙwalwarsa tana ture duk wani abu baƙi, biri kuwa baƙi ne. Shi ya sa waɗanda aka ce su ƙirga ƙwallon masu baƙaƙen riguna suka fi ganinsa. Kuma gwargwadon nauyin lissafi, gwargwadon ƙarfin makanta. Nilli Lavie da abokan aikinta a Landan sun nuna har kunne yakan toshe: a ɗora wa ido aiki mai nauyi, sai a buga ƙara a kunnen mutum ya ce bai ji ba. Mai awo ne a kasuwar hatsi, bakinsa na ƙirga tiya, akuya ta tura kai cikin buhun da ke gefen ƙafarsa, shi kuwa bai ɓata lissafi ko da tiya ɗaya ba. Wa zai ce wannan ba gwani ba ne?

Kada wani ya ce ai jahilci ne ke kawo haka. A 2013, a Boston, Trafton Drew da Melissa Võ da Jeremy Wolfe suka ba ƙwararrun likitoci 24 masu karanta hoton huhu aikin da suka saba, wato neman ƙananan ƙululai masu nuna alamar ciwon daji. A cikin hoton ƙarshe aka ɓoye surar gwaggon biri da ya ninka girman ƙululun da suke nema sau 48. Likitoci 20 cikin 24 ba su gan shi ba. Na'urar da ke bin motsin ido ta nuna yawancinsu sun ɗora ƙwayar idonsu daidai a kansa. Kun ji ko, ranku ya daɗe? Rashin ganin biri ba ya rage wa gwani daraja. A wajenku ma shi ne shedar cewa an riƙe aiki da muhimmanci. In kuwa haka ne, ƙasar Adar da Magiya ta ga gwanaye irin waɗanda Harvard ba ta taɓa gani ba, domin birai biyu suka ratsa ta gabanku, kowanne ya fi dutsen Keita girma, kuma ko ɗaya bai sa kun ɗaga kai ba.

Biri na farko kore ne. Bayan farin 1973, aka ba ku aiki guda: ku tsai da hamada. Kuka tashi haiƙan. Aka buɗe wuraren renon dashe, aka jera 'yan ledoji baƙaƙe dubu bisa dubu, aka mai da 3 ga Agusta, ranar 'yancin kai, ta zama ranar dashen itace. Kowace shekara babba ya durƙusa, ya sa dashe a rami, a tafa, a ɗauki hoto, a rubuta adadi. Ko dashen ya ga damina ta biyu, ko akuya da rani sun gama da shi, wannan ba ya cikin layin da aka ce a cika. A ɗaya gefen kuma malamin gona yana koya wa manomi cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, dokar gandun daji kuma ta sa gawo da 'yan uwansa a ƙarƙashin hukuma, wanda ya sare reshe ya biya tara. Manomi ba wawa ba ne. Itacen da zai girma ya jawo masa ma'aikacin daji, gara ya sare shi tun yana toho. Haka aka yi shekaru ana dasa abin da ke mutuwa, ana sare abin da ke son rayuwa, kuma lissafi bai taɓa kuskure ba.

Sai a 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi abin da ma'aikacin kirki bai kamata ya yi ba: ya dakata da ƙirga. Yana jan mota cike da dashe a wata hanyar ƙauye ta jihar Maraɗi, ya tsaya ya rage iskar taya saboda yashi, idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro da ya sha wucewa yana ɗaukarsa banza. Da ya duba ganyen sai ya gane itace ne, toho ne daga kututture mai rai, saiwarsa na can ƙasa tana jiran a ƙyale ta. Gonaki cike suke da irinsu: sabara, kalgo, gawo, aduwa, magarya. Dabarar kuma ba baƙuwa ba ce ga tsofaffin manoma: a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a sassabe sauran, a kāre su daga dabba. Ba leda, ba ban ruwa, ba kasafin kuɗi. Manoma suka kira abin sassaben zamani, maƙwabci ya gani wajen maƙwabci, abu ya bazu.

Nan ne gwanintarku ta kai ƙololuwa. Shekara ashirin itatuwa na tashi a gonakin da kuke ratsawa da mota, inuwarsu na faɗowa a kan gilashinku, rahotanninku kuwa na ci gaba da shelar hamada na cin ƙasa. Sai wajen 2004 zuwa 2006, da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da Chris Reij ɗan Holan, da masana 'yan Nijar irin su Mahamane Larwanou suka jera tsofaffin hotunan sama kusa da sababbi, sannan aka ga abin da ya faru. Ɗaya daga cikin hotunan da suka zagaya duniya na Galma ne, nan cikin gundumar Madawa: a 1975 fili fetal da 'yan ɗigon itace jefi-jefi, a 2003 mutane sun ƙaru, itatuwa kuma sun ninka ninkin ba ninki. Ƙiyasin da suka fitar ga kudancin Nijar shi ne hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Gwaggon biri mai faɗin hekta miliyan 5 ya tsaya a gabanku yana buga ƙirji shekara ashirin! Likitocin Boston sai su zo su ɗauki karatu.

Ba wanda zai raina aikin Keita, wanda Italiya da hukumomin FAO da PAM suka tallafa tun 1984. An dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an farfaɗo da fako, an tare ƙoramu, kuma matan Adar ne suka ɗauki yawancin duwatsun a ka, lokacin da mazansu ke ci-rani. Haka layukan dogon yaro da ƙungiyar CARE ta fara kafawa a kwarin Magiya, wajen Buza, tun 1975 don karya iska. Waɗannan kun gan su sarai, kuma kun kyauta. Suna da allo a bakin hanya, suna da ofis, suna da lamba a kasafi, wato suna sanye da farar riga. Itacen da talaka ya raina da gatarinsa, ba allo ba ofis, laifinsa ne da ya fito cikin baƙar riga.

Biri na biyu ba kore ba ne, kuma ba a faɗinsa da sakin fuska. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta sauka. Kuka fito da littattafanku kuka yi aikin da kuka fi iyawa: abin da aka girba, a cire abin da za a ci, saura giɓin tan 223,000. Lissafi mai kyau, ba ko shakka. Kuka zana taswira, kuka shafa wa wuraren da hatsi ya gaza launi, kuka tsara sayar da buhu a farashi mai rahusa, jika 10, domin rabon kyauta, in ji masana, yana lalata kasuwa. Allah ya kiyaye mana kasuwa! Sai dai a kasuwar da ake kiyayewa, hatsi na gangarawa Najeriya inda ya fi daraja, maƙwabta sun tsuke hanyar fitar da nasu, buhun gero ya doshi jika 30, farashin akuya da tunkiya kuma ya faɗi warwas. Hatsi na nan jibge a rumfar ɗan kasuwa. Abin da babu shi ne kuɗi a hannun mai gida, wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara, kuma ko jika 10 ɗin ba shi da ita. Mata suka koma jiƙa anza kwana da kwanaki don cire ɗacinta, suka bi jiga da tafasa. Wannan duka ba ya da layi a takardar tan.

A farkon shekarar 2005 ce ma aka ga ya dace a ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan madara da fulawa da sukari da ruwa da wuta, har sai da jama'a suka cika tituna a watan Maris. Ga kuma wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da Yamai za ta karɓa a watan Disamba, ga gine-gine, ga baƙi na tafe. Wa zai zargi mai irin wannan nauyi don bai waiga ba? Masana sun riga sun faɗa: gwargwadon nauyin lissafi, gwargwadon makanta.

Shi kuwa biri yana tsakiyar fili. Ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, tana Maraɗi tun 2001, kuma kowace shekara dubban yara masu tamowa na zuwa hannunta, har a shekarun da takardunku suka ce an yi albarka. A 2005 ta buɗe cibiyoyi a Dakoro da Keita da Tawa, bincikenta a ƙauyukan jihohin Tawa da Maraɗi ya nuna kusan yaro ɗaya cikin biyar na fama da tamowa. Kafin shekara ta ƙare ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani, kuma mafi yawansu daga kudancin Maraɗi suka fito, rumbun ƙasa, inda taswirarku ba ta ga abin damuwa sosai ba. Manyan duniya ma kada a hana su rabonsu na yabo. Gwamnati ta nemi agaji tun Nuwamban 2004, aka yi shiru. Majalisar Ɗinkin Duniya ta roƙi dala miliyan 16 a watan Mayu, aka yi mata kunnen uwar shegu. Sai da BBC ta nuna yaran Maraɗi a talabijin cikin watan Yuli sannan jirage suka fara sauka, aka fara rabon kyauta a watan Agusta. Waɗanda ba su iya jira ba, iyayensu sun san inda suka kwantar da su.

Ga inda kuka zarce mutanen Harvard nesa ba kusa ba. Su, in aka sake nuna musu fim, sai su riƙe baki, su ce yaya aka yi wannan ya wuce ni? Masu taurin kai a cikinsu iyakarsu su ce an sauya kaset. Ku kuwa kun san mutunci. A watan Agustan 2005 marigayi Shugaba Tanja Mamadu, Allah ya jiƙansa, ya shaida wa BBC cewa babu yunwa, mutanen Nijar ga su nan a ƙoshe kowa na gani, maganar yunwa farfaganda ce ta 'yan adawa da hukumomin waje. A 2006 aka janye wa ma'aikatan BBC izinin ɗaukar labarin yunwa. A Yulin 2008 aka dakatar da reshen Faransa na MSF a Maraɗi. Da aka rasa yadda za a yi da yaran da ke kwance, sai aka samo mai laifi: uwaye ne, ba su iya yaye ba, al'ada ce ta yi musu yawa. Wannan ita ce hikimar da Simons da Chabris ba su kai gare ta ba. In biri ya shigo, a kashe fim, a kori mai haska shi, a ce laifin uwar biri ne. Abin da babba bai hango ba, yaro ko ya hau rimi ba shi da izinin gani.

Ina kuma yi muku gargaɗi da wasu mutane masu hatsari. Masanan sun gano cewa wanda aka zaunar ya kalli fim ɗin haka kawai, ba a ba shi abin ƙirgawa ba, da wuya biri ya wuce shi. Irin waɗannan sun cika Madawa da Buza da Keita. Uwar da ke ɗaura zane ta ji goyonta ya rage nauyi, ba ta buƙatar ma'auni. Tsohon da ya lura gero ya fi tsayi a ƙarƙashin gawo, bai jira hoton sama ba. Ungozoma, da mai kiwo, da direban da ke ganin buhunan da ke tsallaka iyaka da dare, da malamin makarantar da ajinsa ke raguwa in bazara ta yi nisa, duk ba su da littafi, saboda haka suna gani. Ku kiyaye su. In sun zo taro, a ba su tabarma can baya, a yi jawabi da Faransanci, a tambaye su abin da ke cikin takarda kawai, a tashi kafin azahar saboda hanya. Kuka kuskura kuka ce, Inna, me kike gani da ba mu tambaya ba? to rahoton shekara ya rushe.

Na san za ku ce ai an ɗauki darasi, kuma gaskiya ne. Yau ana auna damtsen yaro da ɗan zare mai launi uku, ana ba masu tamowa Plumpy'Nut, likitocin MSF sun yi shekaru suna aiki a Madawa da Buza, dokar 2020 ta amince wa manomi da itacen da ya raina a gonarsa. Barkanku. Sai dai Simons ya sake wani fim a 2010 domin waɗanda suka riga suka san labarin biri. Suka zauna suna jiransa, suka gan shi, suka yi murna. Da yawansu ba su lura labulen da ke bayan 'yan wasa ya sauya launi ba, ba su kuma ga ɗaya daga cikin masu baƙar riga ya fice daga fili ba. Sanin birin jiya ba ya nuna maka na gobe. Yanzu da kuka iya ƙirga damtse da kututture, wa ke duban gonar gado da ake tsagawa har ta kasa ci da gida ɗaya? Wa ke duban ƙauyen da samarinsa suka watse Abijan da Libiya da Legas, ko mai albasar da ya sayar da amfaninsa tun yana ƙasa saboda bashi, ko garuruwan bakin iyaka da ke kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga? Kada ku damu. In sun girma sun kai girman 2005, talabijin zai sanar da ku.

A nan kirari ya ƙare, domin maganar ta taɓa kabarin yara. Kowane ɗan Adam yana da wannan makanta, da ni da ku da likitan Boston, kuma Allah bai ɗora wa kowa laifin yadda aka halicce shi ba. Abin da masanan suka fi jin tsoro shi ne tabbacin da ke biye da ita: a wani bincikensu a Amurka, fiye da kashi 75 cikin 100 sun yi imani mutum zai lura da abin ba-zata ko da hankalinsa na wani wuri. Mai mulkin da ya ce da akwai da na gani, ya fi makaho hatsari, don makaho yana neman ɗan jagora. Kuma a fim ɗin Harvard wani ne ya ce wa mai kallo ya bi fararen riguna. A ƙasarmu ku ne kuke zaɓar abin da za a ƙirga, ku ne kuke zaɓar wanda za a saurara, ku ne kuke sa hannu a takardar korar mai nuni. Waɗannan ukun ba halitta ba ne, hukunci ne da mutum ke yankewa da saninsa, kuma za a tambaye shi. Ku ci gaba da ƙirga, ƙasa na buƙatar lissafi. Amma duk inda kuka sauka, daga Galma har Keita, ku rufe littafin na sa'a guda, ku zaunar da wadda ba ta da littafi a gaba, ku tambaye ta da Hausa abin da ya shigo gari bana wanda ba ku zo nema ba, sannan ku rubuta amsarta a shafin farko, ko da ta ɓata muku rahoto.